Tukunyar Baba da Gorar Baffa

Kano,
daren Lahadi.

Auta,

Ina fata kina lafiya, ke da Inna da sauran mutanen gida. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ke kuma sannu da ɗawainiya, na san tun da aka sallamo shi ba ki samu barcin kirki ba.

Na ga hotunan takardun gwajin da kika turo, na kuma ga hoton gorar da Baffa ya kawo. Na ɗauki waya zan kira sai na fasa, don kin san gidanmu: kina cewa "Yaya" kowa zai kasa kunne, ga Baba a kan tabarma yana ji. Gara in rubuta ki karanta a tsanake, ki adana, duk ranar da wani ya zo da sabon magani ki sake dubawa.

Lambar da nake so ki riƙe a takardar ita ce wadda aka rubuta eGFR a gabanta. Ita ke nuna yawan aikin tacewa da ya rage wa ƙoda. Ta mai lafiya takan kai 90 ko ta wuce, ta Baba 26 ce. Daga 15 zuwa 29 shi likitoci ke kira mataki na huɗu, sai an sauka ƙasa da 15 ake shiga na biyar, inda ake maganar wankin ƙoda ko dashe. Baba bai kai can ba, kuma akwai masu yin shekaru a inda yake in an kula. Kada kukan Gwaggo ya karya miki zuciya.

Amma ba zan yi miki daɗin baki ba. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma wanda ya mutu a cikinsu ya tafi ke nan, tabo ne ke maye gurbinsa. Shekarun da Baba ya yi da hawan jini, in kai ya sara ya sha magani, in ya lafa ya ajiye, su suka cinye masu yawa. Waɗanda suka rage kamar 'yan gayya ne da mafi yawansu suka watse tun hantsi: gonar ba ta ragu ba, kowa na noman kunyoyin mutum uku, kuma yawan aikin ne zai riƙa kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Babu ganye, babu saiwa, babu ƙwayar asibiti da ke dawo da waɗanda suka tafi. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage wa na raye kaya. Shi ya sa yawancin abin da zan faɗa miki ragi ne, ko da yake na san mai jinya ya fi son a ce masa "ba shi kaza" a kan "hana shi kaza".

Za ki ce to ina labarin waɗanda aka ce asibiti ya gaza, suka sha jiƙo suka miƙe? Na tabbata da irin wannan labarin Baffa ya zo, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ciwon ƙoda iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, wanda ke biyo bayan amai da gudawa mai tsanani, ko zubar jini wajen haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya yi ƙamari. Irin wannan ƙodar suma ta yi, sau da yawa takan farfaɗo cikin makonni, wani ma sai an yi masa wanki 'yan lokuta kafin ta tashi. In mai irin wannan ya sha jiƙo a tsakani, jiƙon ne zai kwashe yabo, mai maganin kuma ya samu labarin da zai shekara goma yana bayarwa a lasifika. Na Baba ɗaya irin ne, mai cin mutum a hankali, wanda hoton da aka ɗauka ya nuna ƙodojin har sun ƙanƙance. Masu irin nasa da suka bi jiƙo mu muke karɓarsu a ɗakinmu na asibiti, a kumbure, numfashi sama-sama, kuma su ba a ba da labarinsu a tasha.

Na ƙura wa hoton gorar nan ido. Tsohuwar gorar ruwa ce, abin cikin jaja-jaja, ga guntayen sassaƙe sun kwanta a ƙasa, an manna takarda da salatif an rubuta da biro: ƙoda, hanta, sanyi, basir. Ba sunan itace ko ɗaya, sai "kofi ɗaya safe da yamma". Wane kofin? Ni ba na raina maganin gargajiya, da shi aka raine mu, kuma magungunan asibiti da dama daga tsirrai aka samo su. Matsalar ita ce da yawa daga abin da mutum ya sha ta ƙoda yake fita. Abin da ni da ke za mu sha mu fitsarar kafin la'asar, a jikin Baba taruwa zai yi.

Kada ki ɗauka mu kaɗai abin ke ci. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwoyin ƙasar Sin. Wajen kawo kayan aka samu musanya, maimakon saiwar da aka nufa aka sa ta wani tsiro da masana ke kira Aristolochia. Mata masu ƙuruciya, lafiyarsu ƙalau, suka fara zuwa asibiti ƙodarsu ta lalace. Likitocin can suka fitar da rahoto a 1993, kuma kafin ƙura ta lafa waɗanda abin ya shafa sun haura 100, da yawansu sai da wanki ko dashe. Da aka cire matattun ƙodojin wasunsu aka duba, kusan rabi an tarar da sankara a hanyar fitsari. Wannan fa a Turai, inda ake da ɗakunan gwaji da hukumomi. Dangin tsiron nan na fitowa a dazukanmu, duman dutse na cikinsu, kuma masu magani na aiki da shi. In an daka an jiƙa, ko wanda ya haɗa ba lallai ya iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba, balle Baffa da ya saya ranar kasuwa. Na kwalba mai kyau da lambar NAFDAC ma kada ya ruɗe ki. Lambar ba shaidar waraka ba ce, in kin duba za ki ga ƙaramin rubutu da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jikinsa ba.

Shi kuwa Baffa kada ki yi masa musu, kada ki nuna masa wasiƙar nan. Ɗan'uwansa yake gani yana ramewa, ya tashi ya yi tafiya ya kashe kuɗinsa, abin da ya iya ke nan. Ki yi godiya, ki ce za a dakata da komai sai an sake gwaji an ji ta bakin likita, ki kai gorar ɗakinki ki kulle. Kada ki bar ta inda Inna za ta gani, tausayi zai sa ta zuba masa da dare. In na zo zan roƙi Baffa ya ɗauki nauyin kai Baba asibiti ranar ganin likita, tunda yana da mota, kuma yana son a ce da shi ake yi.

Na san za a zo kan habbatus sauda da zuma da man zaitun, kuma nan ne bakin mutum ke nauyi. A yi addu'a, a yi tofi, a yi sadaka, ya sha zamzam ɗinsa, ba wanda ya isa ya hana. Ɗan barbaɗen habba a abinci ko cokalin zuma a koko ba su dame ni ba, tunda sugansa lafiya lau. Abin da ya dame ni haɗe-haɗen kanti ne, masu sunan Larabci da garin abu bakwai a ciki, da mai sayarwar da zai ce a ajiye ƙwayoyin asibiti wai kada su karya maganin. Duk wanda ya ce a ajiye lisinofiril, ƙwayar hawan jinin Baba, komai girman rawaninsa, ki ce sai kin tambayi Yaya.

Akwai ma abin da ya fi gorar ba ni tsoro, kuma yana cikin aljihun rigar Baba. Ki laluba. Ƙullin ledar nan da yake aiken yara su karɓo masa a kemis in gwiwa ta tashi, ƙwaya huɗu ko biyar kala-kala, sau da yawa akwai dikilofenak ko ibufurofen a ciki, wani lokaci duka biyun. Suna rage jinin da ke shiga matatan ƙoda, kuma in suka haɗu da lisinofiril da ƙwayar sa fitsari da yake sha, a ranar zafi, suna iya durƙusar da ita cikin kwanaki. Farasitamol ne nasa, bisa ƙa'ida, sai a gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Allurar kemis ma haka, musamman jentamaisin. Ki taka da kanki ki gaya wa mai kemis ɗin cewa Baba na da ciwon ƙoda, kada ya sake ba ɗan aike komai sai da takardar likita.

Yanzu tukunya, kuma a nan ladanki yake. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, gishiri zan zaɓa. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, shi kuma inda ya zauna sai ya riƙe ruwa: ƙafa ta kumbura, jini ya hau, matatan da suka rage su ƙara shan matsi. Har maganin hawan jinin ba ya cin jiki sosai in gishiri ya yi yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga kowa ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato ɗan ƙasa da cokalin shayi a shafe, har da wanda ke ɓoye a burodi da sauransu. Tun kafin a samu ƙwayoyin hawan jini na zamani aka san ƙarfin wannan. A 1939 wani likita Bajamushe da ya koma Amurka, Walter Kempner, ya fara ɗora marasa lafiyarsa a Jami'ar Duke kan shinkafa da 'ya'yan itace da sukari, kusan babu gishiri sam. Mutanen da aka fid da rai da su jininsu ya sauka, kumburi ya saɓe. Abincin azaba ne, da yawa sun kasa jurewa, kuma ba wanda zai ɗora Baba a kansa yau. Amma ba wani sirri aka zuba a shinkafar ba, abin da aka cire ne ya yi aikin.

Gishirin da Inna ke barbaɗawa da hannu shi ne mai sauƙin kamawa. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma miyar gidanmu sai an murmushe biyar ko shida. Yajin tsire da na ɗanwake da magi da gishiri ake daka su. Kilishi, kifin gwangwani, garin da ke cikin ledar indomi, duk tafiyarsu ɗaya. Sai kanwa, wadda ba wanda ke sa ta a lissafi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sodiyam ɗin da muke gudu a gishiri shi ne jikinta, ja ce ko fara ko ungurnu. To ki duba inda take shiga a girkinmu: a wake don ya yi saurin nuna, a kuɓewa da karkashi don yauƙi, a ƙullin ɗanwake, a kunun kanwar da Baba ke so da safe. Ga shi mutanenmu sun ɗauke ta magani, ciki ya ɗan murɗa a jiƙa a sha. Ki ɗauke ta daga madafa gaba ɗaya. Wake a jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan, zai nuna ba kanwa, kunu kuma a koma na tsamiya ko koko. Kada Inna ta ce to a koma ruwan toka, irin wanda ake tacewa daga tokar kara, shi fotasiyam ne cike da shi, za ki ji matsalarsa a gaba. Haka gishirin kanti da ake tallatawa wai na masu hawan jini. An musanya wani ɓangarensa da fotasiyam, ya dace da ni da ke, bai dace da Baba ba.

Da safe ki auni rabin cokalin shayi na gishiri ki zuba a ɗan murfi, ki ajiye a kan kanta. Wannan ne rabon Baba daga karin kumallo har tuwon dare, in ya ƙare ya ƙare. Miya kuma ki haɗa ta gaba ɗaya, ki ɗebi tasa a ƙaramar tukunya kafin a sa magi da gishiri. Ki wadata ta da albasa da tafarnuwa da citta, ɗan masoro, ɗan kimba, da daddawa ta gaske wadda ba a cuɗa da gishiri ba, in an sauke a matsa lemon tsami. Makon farko zai ture kwano ya ce lami ce, an mai da shi maraya a gidansa. Ki daure. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ya zo ya ji miyar gidan biki ta yi masa zartsi. Da ma ku rage na babbar tukunyar, don hawan jinin nan gadonmu ne, ni ma kin san ina shan ƙwaya.

Sai maganar da ta ɓata mini rai a saƙonki: wai Gwaggo ta hana nama, ta hana ƙwai, ta hana wake, ta hana mai, an bar bawan Allah da farar shinkafa da gayan tuwo. Wannan ai horo ne. Gaskiya ne cin nama da yawa na ƙara wa ƙoda aiki, shi ya sa ake ragewa. Amma awon da likitocin ƙoda ke bayarwa ga irin matakinsa kimanin giram 0.8 ne na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki. Baba kilo 60 ne, ke nan giram 48 a yini. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, dafaffen nama ko kifi mai girman tafin hannunki, ban da yatsu, ya kai giram 20, tuwo da shinkafa da koko su ma suna kawo nasu. In kin lissafa, yana da halin yanka biyu na nama ko gutsuren kifi a miyar rana, ƙwai ɗaya wata rana, wake kaɗan ko alala wata rana. Abin da ya fita shi ne tsiren dare na majalisa, da balangu, da farfesun kayan ciki cike da kwano.

Yunwa kuma tana da yaudara. Kiriyatinin ɗin da ake aunawa a jini don duba ƙoda daga tsokar jiki yake fitowa. In mutum ya rame tsoka ta zube, lambar kiriyatinin na iya sauka, 'yan'uwa su yi ta hamdala wai ƙoda ta gyaru, alhali mutumin ne ke ƙarewa. Na sha ganin an yi murna da irin wannan takardar. Tsohon da ya rasa tsoka ko mura ce ta kwantar da shi da ƙyar yake tashi. Don haka ya ci ya ƙoshi, a sa masa ɗan man gyaɗa a miya. In har an kai ga wanki wata rana, Allah Ya kiyaye, lissafin juyawa yake, a lokacin ƙarin furotin ake nema.

Fotasiyam ɗinsa 5.3 ne. Daidai shi ne tsakanin 3.5 da 5.0, don haka ya ɗan haura, kuma lisinofiril na cikin masu ɗaga shi. Wannan ba zai sa a ajiye maganin ba, kwano za a lura da shi. Haɗarin fotasiyam shi ne ba ya sallama, in ya wuce 6 yana iya rikita bugun zuciya mutum yana zaune yana hira. A nan ne kayan dubiya ke zama matsala: ayaba, lemon zaƙi, dabino, ruwan kwakwa, kunun aya. Haka tumatirin gwangwani da dankali da doya da alayyafo. Zogale kuwa, da aka mai da shi maganin kowace cuta, ganye ne mai kyau ga mai lafiya, amma busasshen garinsa da ake kaɗawa a ruwa cokali-cokali fotasiyam ne a tattare. Na ji matar Baffa na shanya masa. Ki karɓa ki gode, ku sha ku.

Ba cewa na yi a raba shi da ganye da 'ya'yan itace ba. Suna rage asid a jini, suna hana bushewar ciki, ita kuwa bushewar ciki kanta na ɗaga fotasiyam, don hanji na taya ƙoda fitar da shi. Kabeji, kokwamba, abarba, tuffa, waɗannan da sauƙi. Doya da dankali a fere, a yanka ƙanana, a dafa a ruwa mai yawa a tsiyaye a zubar, ganye ma a tafasa a zubar da ruwan farko, don fotasiyam na bin ruwa ya fita. Kuma dokar nan ta wannan takardar ce, in gwaji na gaba ya nuna ya sauka sai a sassauta. Kada ki kwafi jerin abincin wani mai ciwon ƙoda, ko da gadonsa ne ke kusa da na Baba a asibiti.

Fura ba zan hana shi ba, na san a nan za a yi yaƙi. A dama da ruwa-ruwa, nono ludayi ɗaya, ba kullum ba, saboda fosfat ɗin da in ya taru yake sa ƙaiƙayi ya raunana ƙashi. Baƙin lemon kwalba kam a daina saye. Zoɓo da kika tambaya, bincike ya nuna yana ɗan saukar da jini, amma kaɗan ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Ƙaramin kofi na gida jefi-jefi, in likitansa ya yarda.

Masu dubiya za su ce a ɗura masa ruwa ya wanke ƙodar. An gwada wannan a Kanada, aka sa masu mataki na uku su ƙara ruwan da suke sha har shekara guda, sakamakon da aka fitar a 2018 bai nuna ƙodarsu ta fi ta sauran ba. A ɗaya gefen kuma zafin bazararmu na busar da tsoho, hakan na ƙara lalata ta. Ya sha gwargwadon ƙishinsa, sai in likita ya yanka masa awo. Ke dai ki riƙa auna nauyinsa kowace safiya bayan ya yi fitsari, ki danna yatsa a ƙaurinsa ki ƙirga biyar. In ramin ya zauna, ko nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu zuwa uku, ruwa ne ke taruwa, a tafi asibiti. In amai da gudawa suka kama shi ki kira likita a ranar, akwai ƙwayoyin da ake dakatarwa har ya koma ci da sha.

In lallai ana son sabon abin da za a ƙara, akwai ƙwaya mai suna dafagiliflozin, wadda da farko ta masu ciwon suga ce. A wani babban gwaji da aka fitar a 2020, kan mutum fiye da 4,000 masu ciwon ƙoda, da masu suga da marasa shi, an ga tana rage saurin lalacewar sosai. Ba kowa ta dace da shi ba, kuma tana da tsada, amma ki tambayi likita ko za ta yi wa Baba. Kuɗin da za a kai wa mai jiƙo gara a tara a nan.

Azumi na ƙaratowa, kuma na san Baba, zai ce tun da ya balaga bai taɓa sha ba, ba yanzu zai fara ba. A matakin da yake, yini guda ba ruwa a zafin nan haɗari ne na gaske, likitoci kan shawarci masu mataki na huɗu da na biyar kada su yi. Addini ya ba mara lafiya rangwame, ga ciwon da ba a sa ran warkewarsa kuma akwai ciyarwa. Amma ba daga bakina ko naki zai karɓi wannan ba. Ki sa Yaya Babba ya samu Liman tun yanzu ya yi masa bayani, su zo tare bayan likita ya faɗi nasa. Ko ba ya azumi zai zauna buɗa-baki da mutane. Dabino ɗaya ya isa, ki sa masa a hannu da kanki ki janye farantin.

Na ba direban da ke zuwa ranar Laraba saƙo: sikelin awon nauyi, na'urar awon jini da batir, da littafi. Ki riƙa rubuta nauyinsa da safe, awon jini safe da yamma, likita zai so ya gan shi ƙasa da 130 bisa 80. Ranar komawa asibiti ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da ƙullin aljihun, ki ajiye a gaban likita, ki roƙa a haɗa ku da mai ba da shawara kan abinci in suna da shi. A sake auna fotasiyam, ki turo mini hoton takardar tun kafin ku baro harabar.

Ki gaida Inna, ki ce mata maganar kanwa daga gare ni ta fito, kada ta ga laifinki. Ki gaishe da Baba da jiki, ki ce ina nan tafe ƙarshen wata in Allah Ya yarda. Yara na gaishe ku.

Wassalam,
Yayarki.